Damina Daga Teku Take Tasowa: Yadda Ɗumin Ruwan Teku Ke Jawo Fari

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inda ake duban hadari: gabas. Da la'asar sai gari ya yi baƙi ƙirin ta can, iska ta taso da ƙura, mata su hau kwashe shanya, yara su kora awaki, kafin a ankara ruwa ya tsuge. Don haka in ka ce wa manomi a Ɗambatta ko Tasawa ruwan da yake shuka da shi daga kudu maso yamma ya fito, daga teku, ƙila ya yi maka kallon wanda boko ya yi wa yawa. Alhali kuwa ku biyun duk kuna da gaskiya. Hadarin daga gabas yake tafiya zuwa yamma. Laimar da hadarin ke sha ya yi nauyi kuwa, wata iska ce ta ƙasa-ƙasa ke ɗauko ta daga tekun Atlantika, ta ratso Legas da Kwatano da Akara, ta yi tafiyar fiye da kilomita 800 kafin ta iso Kano. In wannan iska ta yi rauni, ko ta maƙale a hanya, hadari sai ya haɗu ya watse ba ko ɗigo.

Abin da ke ba iskar ƙarfi ko ya kashe mata gwiwa, yawancinsa a cikin ruwan teku yake.

A watan Afrilu, da tsakar rana, rairayi ba ya takuwa ba takalmi. Zuwa asuba ya yi sanyi ƙalau. Ruwan tafki ba haka yake ba, yana daɗewa bai ɗau zafi ba, in ya ɗauka kuma yana daɗewa bai sake shi ba. Teku shi ne babban tafkin. Mita 3 kacal na saman ruwan tekun duniya na iya riƙe zafi daidai da duk iskar da ke lulluɓe da duniyar. Iska tana da mantuwa, abin da ta yi yau bayan mako biyu babu alamarsa. Teku kuwa in wani sashe nasa ya ɗumama da digiri ɗaya fiye da yadda ya saba, zai iya zama a haka wata shida, ko shekara, wani zubin shekaru talatin. Duk tsawon lokacin yana tura tururi sama a inda ya yi ɗumi, yana karkatar da iskoki, yana sauya inda gajimare za su taru.

Daminarmu kuwa ɗiyar bambancin zafi ce tsakanin ƙasa da teku. Da bazara hamadar Sahara ke gasuwa, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, ta bar gurbi. Iskar teku mai sanyi da laima sai ta kwararo don cike gurbin, ta yi karo da busasshiyar iskar arewa maso gabas, wadda muke kira hunturu in ta rufe mu da hazo a watan Disamba. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa a hankali, har a watan Agusta ya wuce Agadas, sannan ya juyo. Ruwa mai yawa a bayan layin yake sauka, ta kudancinsa. Shi ya sa Fatakwal ke shan ruwa kusan duk shekara, Kano ta samu wata huɗu, Agadas ta samu abin da bai fi wata biyu ba.

Akwai wani abu da ke faruwa a mashigin tekun Gini wanda ya kamata a lura da shi. Daga watan Mayu zuwa Yuli ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama, saman tekun ya huce da digiri da dama. Hucewar nan ita ke ƙara tazara tsakanin sanyin teku da zafin hamada, sai iskar damina ta samu ƙarfin da za ta yi tsalle. Wajen ƙarshen watan Yuni cibiyar ruwan sama kan bar gaɓar teku ta koma arewa kusan lokaci guda. Wannan ne dalilin da ya sa a watan Agusta, lokacin da muke cikin marka, mutanen Legas da Ibadan ke samun ɗan hutun ruwa. To a shekarar da tekun Gini ya ƙi hucewa, tsallen ba ya cika. Ruwa ya yi ta zuba a bakin teku, arewa tana kallon sama. Haka aka yi a 1984.

Na ambaci 1984 da gangan, domin labarin farin Sahel, wato yankin da ke gefen hamadar Sahara ta kudu, shi ne inda aka fi ganin hannun teku ƙarara, kuma shi ne inda aka daɗe ana dukan taiki an bar jaki.

Shekarun 1950 shekarun ruwa ne. Zamanin dalar gyaɗa ke nan a Kano. Manoma suka yi ta sare daji suna matsawa arewa, zuwa wuraren da a da sai makiyaya, garkunan shanu suka ƙaru. Daga 1968 ruwa ya fara ja baya, a 1972 da 1973 abin ya zama bala'i tun daga Senegal har Habasha. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 100,000 suka rasu a yankin Sahel, dabbobi kuwa miliyoyi. A Nijar, yadda aka tafiyar da kayan agajin yunwar na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar lokacin da ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Aka ɗan samu sauƙi, sai 1983 da 1984 suka zo da farin da ya fi na farko tsanani. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000, ya tsuke zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. In aka gwama ruwan shekarun 1980 da na 1950, an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100. Ba a taɓa auna raguwar ruwa mai faɗi da daɗewa irin wannan ba a wani yanki na duniya a ƙarni na 20.

Da aka tashi neman dalili, sai aka nuna manomi da makiyayi da yatsa. A 1975 wani shahararren masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani mai daɗin ji: dabbobi sun cinye ciyawa, an sare itatuwa, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana sama maimakon ta sha shi, iskar da ke kanta ta daina tashi, ruwa ya ɗauke, ciyawa ta ƙara mutuwa. Lissafin nasa a kan takarda daidai ne, kuma shi a matsayin hasashe ya kawo shi. Amma hukumomin agaji da gwamnatoci suka karɓe shi tamkar hukunci. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya gudana ne cikin wannan fahimta. Shekaru da dama yaran makaranta suna haddace cewa Bafulatani da akuyarsa da mai gatari su suka kori ruwa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, lokacin da mutane da dabbobi ba su kai rabin haka ba.

Tun a 1978 wani mai bincike, Peter Lamb, ya lura cewa shekarun fari a Afirka ta Yamma suna zuwa tare da wani salo na ɗumin ruwan Atlantika: kudancinsa ya ɗumama, arewacinsa ya yi sanyi. A 1986 Chris Folland da Tim Palmer da David Parker na hukumar yanayi ta Birtaniya suka faɗaɗa duban zuwa tekunan duniya baki ɗaya, suka ga abu guda: in tekunan kudancin duniya sun fi na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba, Sahel kan bushe. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ɗamarar ruwan sama da ta zagaye tsakiyar duniya tana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi, kamar yadda masu jin ɗari ke matsawa wajen wuta. Mu kuwa a bakin iyakarta ta arewa muke zaune. In ta ja baya da kilomita 100 ko 200, mutumin Inugu ba zai ji a jikinsa ba, amma gero a Tanut ya mutu a tsaye.

Gwajin da ya rufe bakin gardama ya zo a 2003. Alessandra Giannini da abokan aikinta biyu suka ɗauki manhajar kwamfuta mai kwaikwayon iskar duniya, suka ba ta zafin saman teku kamar yadda aka auna shi daga 1930 zuwa 2000. Ba su gaya mata an sare ko bishiya ɗaya ba, ba su sa mata akuya ko saniya ba. Duk da haka ta fito da ruwan shekarun 1950, ta fito da farin shekarun 1970 da 1980. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari zafi in ya zo, wannan ba a musu. Amma wanda ya buɗe masa ƙofa teku ne: arewacin Atlantika da ya yi sanyi, da tekun Indiya da ya yi ta ɗumama.

Sai kuma tambayar da ke biye: me ya sanyaya arewacin Atlantika a waɗannan shekaru? Wani ɓangare lilo ne na tekun kansa, wanda ke ɗaukar shekaru masu yawa yana ɗumi sannan ya yi wasu yana sanyi. Ya yi ɗumi daga shekarun 1930 zuwa 1950, ya huce daga 1960 zuwa farkon 1990, ya sake ɗumama daga tsakiyar shekarun 1990. Wani ɓangaren kuwa hayaƙi ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Turai da Amurka sun cika sararin arewacin duniya da ƙurar farar wuta, wadda ke tare hasken rana ta hana shi isa ruwa. Da ƙasashen suka kafa dokokin tsabtace iska, saboda lafiyar mutanensu da dazuzzukansu, hayaƙin ya ragu, tekun ya ɗumama, ruwa ya fara komowa Sahel. Masana na ja-in-ja har yau kan ko wanne ya fi nauyi cikin biyun. Ni dai abin da ke tsaya min a rai shi ne, an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda ya kori ruwan yana Turai, wanda fari ya doka yana Damagaram, kuma shi aka ɗora wa laifin. Manoman Maraɗi da Damagaram ɗin nan su ne daga tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da hekta kusan miliyan 5.

Wancan lilo ne mai tafiyar hawainiya. Akwai mai sauri, wanda ya fi shi suna, kuma shi ke yawan bambanta bana da bara.

Masuntan ƙasar Peru sun daɗe da sanin cewa wajen Kirsimeti wani ruwan ɗumi kan malalo gaɓarsu, kifi ya yi ƙaranci. Suka sa masa suna El Nino, wato yaron, suna nufin jariri Annabi Isa, saboda lokacin da yake zuwa. A can wani ɓangaren duniya, Gilbert Walker, Baturen Ingila da aka naɗa shugaban ma'aikatar duban yanayi ta Indiya a 1904, bayan yunwar 1899, yana ta tara alƙaluma don gano abin da ke hana daminar Indiya zuwa. Ya gano cewa nauyin iska a gabashi da yammacin tekun Fasifik kamar sikeli yake, in ya hau a nan sai ya sauka a can. Sai a 1969 Jacob Bjerknes ya nuna cewa ruwan masunta da sikelin Walker abu ɗaya ne.

A shekarar da babu komai, iska tana kaɗa ruwan ɗumi na Fasifik daga gabas zuwa yamma, ya taru wajen Indonesiya, can ake tafka ruwan sama. Duk bayan shekara 2 zuwa 7 iskar kan yi sanyin jiki, ruwan ɗumin ya koma gabas, gajimare su bi shi. Fasifik ya kusa cinye sulusin doron duniya, saboda haka in murhunsa ya gusa, kowa sai ya ji. Saman sararin yankunan zafi duka yana ɗumama, kuma iskar ƙasa ba ta iya tashi ta zama hadari sai ta fi ta samanta zafi. Indonesiya da Ostireliya su bushe, daminar Indiya ta yi rauni, haka tsaunukan Habasha da kudancin Afirka. El Nino na 2023 zuwa 2024 ya sa Zambiya da Malawi da Zimbabwe suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fari ɗaya bayan ɗaya, ruwan madatsar Kariba ya ja har wutar lantarki ta zama abin marmari a Lusaka.

A wajenmu ma yakan taɓa. An yi El Nino mai ƙarfi a 1972, an yi wanda ya fi shi a 1982 zuwa 1983, duka biyun kuma sun faɗo a kan Atlantika mai sanyin arewa, ga mari ga tsinka jaka. Sai dai kada a ɗauka lissafin ɗaya da ɗaya biyu ne. El Nino na 2015 yana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, ya ƙona Habasha da kudancin Afirka, amma a yammacin Sahel damina ta makara ne kawai, daga baya ta yi kyau. A lokacin arewacin Atlantika da Bahar Rum suna da ɗumi, kuma Bahar Rum in ya ɗumama yakan turo laima ta saman Sahara ta ƙara wa daminarmu. Tekuna huɗu ne ke jan igiya a kanmu, ba ɗaya ba. Duk wanda ya ji an ce El Nino na tafe ya yanke hukuncin bana babu ruwa, ya yi gaggawa.

Kishiyarsa, La Nina, lokacin da gabashin Fasifik ya yi sanyi fiye da ƙima, yawanci alheri ce ga Sahel. Ga gabashin Afirka kuwa masifa ce. Ita ta share fagen yunwar Somaliya ta 2011, wadda ta ci rayuka kusan 260,000. Ta dawo ta zauna shekara uku a jere daga 2020, damina biyar suka faɗi ɗaya bayan ɗaya a Somaliya da kudancin Habasha da arewacin Kenya, su da ke da damina biyu a shekara. Tekun Indiya ma yana da nasa sikelin, wanda aka bayyana a 1999: in yammacinsa, wajen Afirka, ya fi ɗumi, Kenya da Somaliya su sha ambaliya, Ostireliya ta kama da wuta, kamar a 2019, in ya karkata ɗaya gefen, kamar a 2022, Kenya da Somaliya su bushe.

To mene ne amfanin sanin duk wannan ga mai gona? Amfanin yana cikin nawar teku. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma zafin da teku ke ɗauke da shi a watan Afrilu yawanci yana nan har Agusta. Bayan El Nino na 1982 ya zo wa masana ba zato, an dasa na'urori kusan 70 a tsakiyar Fasifik suna auna ruwa dare da rana, an dasa irinsu a Atlantika daga 1997, ga wasu kusan 4,000 da ke nutsewa suna tasowa a tekunan duniya, ga taurarin ɗan'adam. Daga nan hasashen damina ke fitowa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, CILSS, ta kafa a 1974 sakamakon wancan fari, tana haɗa masanan ƙasashen yankin kowace shekara kafin faɗuwar ruwa, tare da cibiyar duban yanayi ta Afirka, ACMAD, tun daga 1998. A Najeriya hukumar duban yanayi, NiMet, kan fitar da nata a farkon shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa jiha-jiha.

Amma a san irin maganar da hasashen ke yi. Ba ya cewa za a yi fari a gonar wane. Cewa yake, cikin shekaru goma da teku ya yi irin wannan kama, a biyar ruwa ya gaza, a uku ya zo daidai, a biyu ya yi yawa. Ruwan Sahel kuma na hadari ne, ya jiƙa wannan ƙauye sharkaf ya tsallake na gaba. Sannan jimillar ruwan shekara ba ita ce ke cika rumbu ba. Manomi ya ga ruwan farko a ƙarshen Mayu, ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya, ya fita da iyalinsa da sungumi aka yi shuka. Gero ya tsiro, sai sama ta yi shiru kwana 20. Kullum da safe ya je ya tona ƙasa da yatsa, ganye ya nannaɗe, ya koma ya auno wani irin, watakila na bashi. Ko kuwa ruwan ya ɗauke a farkon Satumba gero na cikin bununi. A littafin ma'auni shekarar za ta iya fitowa daidai, a gida kuwa dami goma aka ɗaure inda aka saba talatin. Teku ya fi iya faɗin jimilla fiye da irin wannan tazara, ko da yake cibiyoyin yanzu suna sa hasashen tsawonta a cikin rahotonsu, kuma a ganina wannan sashen ya fi cancantar a karanta a rediyo da Hausa fiye da sauran.

Ruwan da ya komo tun shekarun 1990 ma ba irin na 1950 ba ne. Binciken hotunan taurarin ɗan'adam da aka fitar a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ruwan yana zuwa a dunƙule, da tazara a tsakani, ta yadda gari guda zai yi sallar roƙon ruwa a Yuli ya kwashe kaya daga ambaliya a Satumba. Mutanen Maiduguri sun ga ƙarshen wannan a watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle.

Wani abu kuma game da lokaci: hasashen El Nino da aka yi kafin watan Mayu shi ne mafi rauni a duk shekara, domin a tsakanin Maris da Mayu ne Fasifik ke sauya shawara, kuma sanyin tekun Gini bai riga ya bayyana ba. Wanda ya ji hasashen watan Fabrairu ya zaɓi iri a kansa, mai saurin nuna ko mai daɗewa, ya kamata ya sake kasa kunne a ƙarshen Afrilu da Mayu, lokacin da ake sabunta shi, kafin ya kwance bakin buhun iri.